Suna Linzami: Shin Tsufa Cuta Ce?

Hukumar Lafiya ta Duniya tana da wani kundi da ta tattara sunayen cututtuka da alamominsu a ciki, kowanne da lambarsa, kuma da shi asibitocin duniya suke rubuta abin da ya kwantar da mutum ko abin da ya zama ajalinsa. A shekarar 2019 aka amince da bugu na 11 na wannan kundi, da nufin ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022. Kafin ranar ta zo sai gardama ta kaure a kan lamba guda ɗaya, MG2A, wadda aka rubuta kalmar "tsufa" a gabanta, a cikin babin alamomin rashin lafiya. Likitocin tsofaffi da ƙungiyoyin kare haƙƙinsu daga ƙasashe da dama suka ce ba su lamunta ba. Daga bisani hukumar ta janye kalmar, ta maye gurbinta da wata jimla mai nufin raguwar ƙarfin jiki da na tunani da ke tafiya da shekaru.

Mai karatu na iya cewa wannan ai musun malamai ne a kan kalma, wanda ba ya rage wa tsoho ciwon gwiwa ko ƙara masa hasken ido. Ni kuwa ina ganin Bahaushe ya riga ya ba da amsa tun da ya ce suna linzami ne. Inda aka ja linzami, can doki yake fuskanta. Sunan da muka raɗa wa tsufa shi ne zai nuna inda za mu kai tsoho, da abin da za mu kashe a kansa, da irin kunnen da za mu saurare shi da shi. Saboda haka tambayar ta wuce ta likitoci kaɗai. Ta shafi duk mai iyaye, da duk mai fatan Allah ya ja kwanansa.

Wajibi ne in fara da yi wa masu cewa tsufa cuta ce adalci, domin hujjarsu ba ta wasa ba ce. A da ana kallon tsufa kamar yadda riga take ƙoɗewa don yawan sawa, abin da ba shi da wani tsari balle a yi tunanin taɓa shi. A shekarar 1961 Leonard Hayflick da Paul Moorhead, a Amurka, suka nuna cewa ƙwayoyin da aka gina jikin mutum da su, idan aka raine su a ɗakin bincike, sukan rabu gida biyu kimanin sau 50, sannan su tsaya cik. Daga baya aka gano ɗaya daga cikin dalilan: a bakin kowane zaren gado da ke cikin ƙwayar akwai wani ƙulli, kamar ƙullin da ake yi wa bakin igiya don kada ta warware, kuma duk rabuwar da ƙwayar ta yi sai ƙullin ya ragu. Binciken wannan ƙulli, mai suna telomiya, shi ya ba Elizabeth Blackburn da Carol Greider da Jack Szostak lambar yabo ta Nobel a 2009. A 1993 Cynthia Kenyon ta sauya ƙwayar gado guda ɗaya a jikin wata ƙaramar tsutsa, sai tsawon rayuwarta ya ninka. A 2009 aka ba ɓerayen da suka riga suka manyanta, masu wata 20 a duniya, wani magani mai suna rapamaisin, suka fi 'yan'uwansu daɗewa. Waɗannan bincike sun tabbatar da abu guda: tsufa yana da sababi, yana da hanyoyin da yake bi, kuma hannun ɗan Adam yana iya kaiwa ga wasu daga cikinsu.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar a garkuwar jiki. A bayan ƙashin ƙirji akwai wani ɗan nama mai suna taimos, wanda shi ne makarantar da wasu fararen ƙwayoyin jini suke koyon rarrabe ɗan gida da baƙo kafin su fita tsaron jiki. Wannan makaranta takan fara ƙanƙancewa tun da ƙuruciya, kafin tsufa kuwa yawancinta ya koma kitse. Sai rundunar tsoho ta zama cike da tsofaffin mayaƙa da suka san maƙiyan jiya farin sani, amma sababbin ɗauka sun yi ƙaranci. Wannan ne ya sa allurar riga-kafi ba ta kama jikin tsoho kamar yadda take kama na matashi, kuma yana cikin dalilan da suka sa annobar korona ta fi yi wa masu yawan shekaru ɓarna. Abin mamaki, wannan garkuwa da ta yi rauni wajen yaƙar baƙo ita ce kuma ba ta iya kwantar da hankalinta a cikin gida. Takan bar wani kumburi mara zafi yana ci a hankali, kamar garwashi a ƙarƙashin toka. A shekarar 2000 wani masani ɗan Italiya, Claudio Franceschi, ya ba wannan yanayi suna, wanda za mu iya kira kumburin tsufa, kuma bincike ya alaƙanta shi da ciwon zuciya da ciwon suga da gigin tsufa.

Daga nan ne masu wannan ra'ayi, irin su David Sinclair na Jami'ar Harvard, suke gina hujjarsu. Suna cewa: idan ciwon zuciya da ciwon daji da gigin tsufa rassa ne na itace ɗaya, me ya sa za mu ƙare rayuwa muna sassabe rassa mu bar saiwa? Suna kuma da wata hujja ta zahiri. Hukumar kula da magunguna ta Amurka takan amince da magani ne don wata cuta sananniya, tsufa kuwa ba ya cikin jerin. Gwajin da Nir Barzilai ya tsara don ganin ko metfomin, tsohon maganin ciwon suga mai araha, zai jinkirta cututtukan tsufa a jikin mutum kimanin 3,000, ya shafe shekaru yana neman kuɗin farawa. A ganinsu, muddin ba a kira tsufa cuta ba, kuɗin bincike ba zai zo ba, kuma miliyoyin mutane za su ci gaba da shan wahalar da ake iya ragewa. Wannan damuwa ce ta tausayi, kuma ban raina ta ba.

Duk da haka ban yarda da sunan ba, kuma dalilina na farko daga cikin binciken kansa na samo shi. Mu koma ga ƙwayoyin nan da suke daina rabuwa. Ba don kasala suke tsayawa ba. Ƙwayar da zaren gadonta ya lalace, in ta ci gaba da rabuwa babu birki, ita ce takan zama ciwon daji. Tsayawarta katanga ce da jiki ya gina don ya kare kansa. An kuma gano cewa irin waɗannan ƙwayoyi suna taimakawa wajen warkewar rauni. Matsalar ita ce a ƙuruciya garkuwar jiki takan share su bayan sun gama aikinsu, a tsufa kuwa sharar takan gaza, sai su taru suna fitar da sinadaran da ke rura kumburi. A 2011 masu bincike a asibitin Mayo na Amurka sun nuna cewa kawar da su daga jikin ɓera yana jinkirta wasu larurorin tsufa. Amma tun 1957 masanin halitta George Williams ya yi hasashen cewa abin da yake amfanar halitta a ƙuruciya shi ne sau da yawa yake cutar da ita a ƙarshen rayuwa. Ko rapamaisin ɗin da ya tsawaita rayuwar ɓera, aikinsa na asibiti shi ne danne garkuwar jikin wanda aka yi wa dashen ƙoda. Ke nan wani babban ɓangare na abin da muke kira tsufa bashi ne da jiki ya ci don ya tsallake da mu ƙuruciya lafiya, yake biya daga baya. Cuta kaucewa ce daga tsarin jiki. Abin da yake samun kowane ɗan Adam da ya daɗe, ba tare da togiya ba, kuma ya samo asali daga kariyar da ta raya shi, shi ne tsarin da kansa.

Dalilina na biyu ya fi na farko nauyi a wurina, domin ya shafi mutum. Idan muka ce wane ba shi da lafiya, muna nufin yana cikin wani hali na wucin gadi da ake fatan ya fita daga cikinsa ya koma yadda yake. Mukan tausaya masa, mukan kuma ɗage masa wasu nauye-nauye, mu ce a bari sai ya warke a yi shawara da shi. To, in tsufa cuta ce, manomin da ya cika shekara 70 yana kan kuyyarsa, da ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin unguwa, da alƙalin da ya ƙoshi da sanin halin mutane, duk sun zama majinyata da ba a sa ran warkewarsu. Tun 1969 likita Robert Butler ya ƙirƙiro kalma ta musamman don wariyar da ake nuna wa mutane saboda shekarunsu, yana kwatanta ta da wariyar launin fata. Mun kuma ga inda irin wannan tunani yake iya kaiwa. A watan Maris na 2020, da korona ta cika asibitocin arewacin Italiya, ƙungiyar likitocin kulawar gaggawa ta ƙasar ta fitar da shawarwarin da suka ambaci yiwuwar sanya iyakar shekaru wajen ba da gadon jinya na musamman. Ban zargi waɗannan likitoci ba, domin sun tsinci kansu a tsaka mai wuya. Sai dai abin ya nuna yadda adadin shekaru yake saurin zama hukunci idan hali ya yi tsanani. Kundin da ya ba likita damar rubuta "tsufa" a matsayin abin da ke damun mutum ya ba shi izinin daina bincike.

Kuma ba gaskiya ba ne cewa ƙarshen rayuwa saura ne kawai da aka bari a ƙasan tukunya. Rebecca Sear da Ruth Mace sun yi nazarin tsofaffin bayanan wasu ƙauyukan Gambiya, suka ga cewa yaran da kakarsu ta wajen uwa take raye sun fi samun abinci mai gina jiki, sun kuma fi tsallake ƙuruciya da rai. Mace takan daina haihuwa da sauran shekaru masu yawa a gabanta, kuma a waɗannan shekaru ne take raya jikoki. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana. Ba na jin za a kira zuma ruɓaɓɓiya don ta kwana biyu a cikin tulu.

A nan mai karatu Bahaushe zai iya gyara zama, ya ce mu kam Allah ya tsare mu daga wannan ɓata, tunda muna durƙusa wa tsofaffi, muna ce musu Baba da Inna, ba ma kai su gidan ajiye gajiyayyu. Ina roƙon kada ya yi saurin murna, domin muna da namu laifin, kuma shi ne ya fi kusa da ƙofarmu. Can ana son a kira kowane tsufa cuta, mu kuwa nan kowace cutar tsoho mukan kira ta tsufa. Na sha jin ɗa mai hali, wanda ba ya ƙyashin kai ɗansa asibiti don zazzaɓin kwana ɗaya, yana ce wa mahaifinsa, "Baba, ai shekaru ne, sai haƙuri." Idon tsoho ya yi yana, ya daina gane fuskar jikokinsa, a ce tsufa ne, alhali aikin cire yanar ido ba ya cika wuce rabin sa'a, kuma mutum yakan koma gani. Hawan jini ya yi shekaru yana ɓarna a ɓoye babu wanda ya auna, ranar da ɓarin jiki ya shanye a ce iska ce ta buge shi. Tsohuwa ta fara manta sunan 'ya'yanta, tana fita da dare tana surutai, maimakon a gane ciwon ƙwaƙwalwa ne sai a fara raɗe-raɗin maita. A arewacin Ghana, a garuruwa irin su Gambaga, har sansani ake da shi na matan da aka kora daga gidajensu bisa zargin maita, akasarinsu tsofaffi. Girmamawar da ta tsaya a gaisuwa, ba ta kai ga auna jini ba, tana iya zama likkafanin da aka lulluɓa wa mai rai.

Idan aka duba da kyau, ɓangarorin nan biyu kuskure ɗaya suke yi: sun cakuɗa tsufa da cuta sun mai da su abu guda. Ɗaya ya cakuɗa su don ya sami abin da zai sayar wa magani, ɗayan kuma don ya huta da sayen magani. A duka biyun tsohon ne yake ɓacewa, ya zama adadin shekaru maimakon mutum mai ciwo takamaimai da ake iya nema a gano.

Akwai ƙalubale mai ƙarfi da za a iya yi mini, kuma ba zan kauce masa ba. Za a ce iyakar da nake son shatawa tsakanin tsufa da cuta ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Haka ne. Akwai zamanin da likitoci suke ɗaukar hawan jinin dattijo a matsayin abin da jikinsa yake buƙata. Shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya rasu a 1945 sakamakon fashewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, bayan ya daɗe da hawan jini mai tsanani, kuma sai bayan dogon binciken da aka fara a garin Framingham a 1948 aka fahimci girman haɗarin. Raunin ƙashi ma, wanda yake sa tsohuwa ta karye don ɗan tuntuɓe, sai a 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa masa ma'auni. To, in kullum ana yankar wani yanki daga tsufa ana mai da shi cuta, ashe ba wata rana za a wayi gari babu abin da ya rage ba?

Amsata ita ce wannan matsawar iyaka alheri ce, kuma ita ce babbar kyautar da binciken zamani ya ba mu. Amma a lura da abin da ake raɗa wa suna a kowane karo. Ana raɗa wa hawan jini suna, wanda ake aunawa, wanda wani ɗan shekara 40 yake da shi wani ɗan shekara 80 kuma ba shi da shi. Ba a taɓa buƙatar a ce shekara 80 ɗin ce cutar ba. Muna da misali a gabanmu kullum. Juna biyu ba cuta ba ce, babu kuma wanda zai ce wa mai ciki majinyaciya don tana da ciki. Amma muna kai ta awo, muna ba ta maganin ƙarin jini, muna tsaye a kan jijjiga da zubar jini, domin mun san mataki ne na rayuwa mai tattare da haɗurra na musamman. Haka ya kamata mu riƙi tsufa: matsayi mai daraja da ke buƙatar awo.

Wani bincike na kwanan nan ya nuna cewa wannan hanya tana haifar da ɗa mai ido. Ƙwayar cutar ƙarambau ba ta barin jikin wanda ta taɓa kamawa. Takan ɓuya a cikin jijiyoyi shekara da shekaru, sai garkuwa ta yi rauni ta sake fitowa da ƙuraje masu raɗaɗi a gefe ɗaya na jiki. A watan Satumban 2013 yankin Wales na Birtaniya ya fara yi wa tsofaffi allurar riga-kafin wannan ciwo, aka kuma sa ƙa'ida cewa wanda aka haifa kafin 2 ga Satumban 1933 ba ya ciki. Sai aka sami rukuni biyu na mutane da ba su da wani bambanci sai 'yan kwanaki a ranar haihuwa. Masu bincike daga Jami'ar Stanford suka bi bayanansu na shekara 7, kuma a 2025 suka wallafa cewa allurar ta rage kamuwa da gigin tsufa da kimanin kashi 20 cikin 100. Ba a kira tsufa cuta ba kafin a sami wannan. An dai tallafa wa garkuwar tsoho a kan maƙiyi guda sananne, sai ƙwaƙwalwarsa ta amfana. Riga-kafi ya fi magani, ko a shekara 79.

Sunan kuma yana da alaƙa da inda dukiya take kwarara. Har yau babu maganin da aka tabbatar yana tsawaita rayuwar ɗan Adam ta hanyar jinkirta tsufa, kuma babu wanda aka tabbatar ya wuce Jeanne Calment ta Faransa, wadda ta rasu a 1997 tana da shekara 122. Amma a 2022 an ƙaddamar da kamfanin Altos Labs da jarin dala biliyan 3 don binciken mayar da ƙwayoyin jiki ƙuruciya. Ranar da aka ayyana tsufa cuta, kowane ɗan Adam ya zama mai saye, kuma mun san wanda zai fara isa kasuwar. A Japan matsakaicin tsawon rai ya kai kimanin shekara 84, a Nijeriya kuwa bai wuce 55 ba, kuma mutuwar ƙananan yara tana cikin manyan abubuwan da suka ja shi ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi hasashen cewa zuwa 2050 masu shekara 60 zuwa sama za su kai biliyan 2.1, kashi 80 cikin 100 nasu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. Abin da waɗannan tsofaffi za su fi buƙata shi ne abin da likita James Fries ya bayyana tun 1980, wato a matse shekarun jinya su zama kaɗan a can ƙarshen rayuwa, mutum ya rayu da ƙarfinsa har kusa da ajalinsa. Wannan buri ne da mai kuɗi da talaka za su iya tarayya a cikinsa, kuma yawancin kayan aikinsa, irin su ma'aunin hawan jini da allura da tabarau, suna nan a hannu tun yanzu.

Don haka ina goyon bayan binciken tsufa da zuciya ɗaya, ina kuma fatan ya ci gaba da ƙwato yanki bayan yanki daga hannun "sai haƙuri". Abin da na ƙi shi ne a biya kuɗin wannan bincike da mutuncin tsoho. Mutuwa rigar kowa ce, babu ɗakin binciken da ya yi alkawarin tuɓe ta da gaskiya. Amma tsakanin furfura da kabari akwai shekaru masu yawa, kuma yadda za su kasance ya dogara ƙwarai ga tambayar da muke yi idan dattijo ya ce jikinsa ba daɗi. Wanda ya tambayi shekarunsa nawa ya riga ya yanke hukunci. Ɗa nagari da likita nagari tambayarsu ɗaya ce: Baba, ina ne yake maka ciwo, kuma tun yaushe?